Farar Riga da Fuskar da Ta Ɓace: Tarihin Wankin Hoto a Yamai

Akwai wani irin hoto da ba ka rasa shi a tsofaffin gidajen Yamai, ko a rataye a bangon falo ko a ƙasan akwatin kaka. Dattijo ne zaune a kujera, ya sha farar babbar riga da rawani. Rigar ta yi fari tas har tana kashe ido, ba ka ganin aikin allurar da ke wuyanta, ba ka ganin ninkin bugu. Fuskar kuwa ta yi baƙi ƙirin, in ban da fararen idanu babu abin da za ka kama. Idan yara suka tambayi dalilin da ya sa kakansu ya fito haka, amsar iyaye ba ta wuce biyu: ko a ce hoton ne ya tsufa, ko a ce kyamarorin da ba su da kyau.

Duka biyun ba su kama hanya ba. Hoton da ya tsufa koɗewa yake yi, ya koma rawaya ko ruwan ƙasa, ba ya ƙara kaifi. Kyamarorin kuma, irin su Rolleiflex ta Jamus da manyan masu hoto na Afirka ta Yamma suka riƙe, har yau ana neman su da tsada saboda kyan gilashinsu. Yawancin abin ya faru ne bayan an ɗauka, a ɗakin duhu, cikin 'yan mintocin da fim ya yi a ruwan sinadari, da kuma lokacin da aka mayar da shi kan takarda. Ya kamata malami da uba su san wannan, domin mu kan miƙa wa yara tsohon hoto a matsayin shaidar yadda mutum yake, alhali hannun wani ma'aikaci ne ya yanke hukuncin abin da zai fito da abin da zai ɓace.

Bari mu fara da yadda ake wankin. Fim leda ce siririya da aka shafa wa jelatin, wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. A cikin danƙon akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Idan haske ya shiga kyamara ya taɓa su sai ya bar alama, amma ido ba ya ganinta. Sai an tsoma fim ɗin cikin ruwan fito da hoto, shi ne yake juya ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Daga nan a tsayar da aikin da ruwa mai ɗan tsami, a saka shi cikin ruwan kafe hoto wanda yake narkar da sauran gishirin da haske bai taɓa ba, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a shanya. Abin da ya fito shi ne Bahaushe ya raɗa wa dodon hoto, kuma sunan ya dace: duk inda yake da haske ya koma baƙi, inda yake da duhu ya zama garau, sai ka ga mutum da farar fuska da baƙaƙen haƙora. Daga wannan dodo ake haska takarda a sami hoton da muke ratayewa.

Sirrin yana cikin ruwan farko. Akwai mai sanyin hali, akwai mai kaifi. Kamfanin Kodak ya fitar da wani haɗi a 1927 mai suna D-76, wanda ya zama abin da aka fi wanke fim ɗin hoton mutane da shi a duniya. A lita ɗaya ana zuba giram 2 na metol, giram 5 na haidirokwinon, giram 100 na salfait, da giram 2 kacal na boraks. Wannan boraks ɗin shi ne kanwar haɗin, kuma kanwa ce mai rauni. Kamfanin yana da wani haɗin kuma, D-19, wanda a cikinsa aka ƙara haidirokwinon zuwa giram 8, aka cire boraks aka zuba wajen giram 50 na sodiyam kabonet, aka haɗa da giram 5 na buromaid don ya hana wuraren da haske bai taɓa sosai ba yin duhu. Sodiyam kabonet kuwa ɗan'uwan kanwarmu ne, yana ma cikin abubuwan da suka haɗa ta. Duk matar da ta taɓa dafa wake ta san zancen: 'yar kanwa kaɗan tana sa ya nuna da kyau, idan ta yi yawa ya nuna da wuri amma ya dame, ba ka bambance ƙwaya da ƙwaya. Haka ruwa mai kaifi yake yi wa fim. Wurin da haske ya bugi fim sosai sai azurfa ta taru ta toshe shi, wurin da haske ya ɗan shafa kuma a bar shi kusan wayam. Launukan toka da ke tsakani, waɗanda su ne suke zana kumatu da goshi da tsagar fuska, su ragu ƙwarai.

Ba ɓarna aka yi wannan ruwa don ita ba. Yana da aikinsa: hoton ƙasa da ake ɗauka daga jirgin sama don zana taswira, hoton taurari, hoton ƙwayoyin cuta ta madubin likita, da kwafar takardu. Ruwan da ake wanke fim ɗin hoton ƙashi a asibiti shi ma daga wannan dangi yake. Ka ɗauki tsofaffin littattafan Larabci da Ajami da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, tarin da marigayi Boubou Hama ya kafa tushensa. Wanda zai kwafi irin wannan shafi a fim yana so tawada ta fito baƙa, takarda ta fito fara, tabon ruwa da dattin shekaru su gushe. Nan ruwa mai kaifi ya fi kowa. Ko a nan ma akwai asara, don jar tawadar da malamai suke yin wasali ko sharhi da ita tana iya komawa ɗaya da baƙa a kwafin. To, ina ga fuskar ɗan Adam?

Yanzu mu shiga garin. A 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram suka kawo Yamai. Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, mutanen garin ba su wuce wajen 30,000 ba. A ƙidayar 1977 sun haura 200,000. Sabuwar ƙasa tana cin hoto kamar me. Katin ɗan ƙasa, takardar shiga makaranta, jarrabawa, lasin tuƙi, fasfon aikin hajji, ɗaukar soja, kowanne da hotonsa. Ga kuma samari da 'yan mata da suka shigo birni suna so a aika gida da shaidar cewa an sayi agogo, an sayi rediyo, an hau babur.

Da yawa daga waɗanda suka riƙe sana'ar baƙi ne daga kudu: Yarbawa daga Najeriya, da mutanen Dahome da Togo. Wata masaniyar tarihi, Erika Nimis, ta fitar da littafi a 2005 a kan yadda Yarbawa masu hoto suka bazu a biranen Afirka ta Yamma, kuma Yamai tana cikin garuruwan da ta bi. Wanda sunansa ya fi fita waje shi ne Philippe Koudjina Ayi. An haife shi a Kotonu a 1940, ya zo Yamai yana saurayi dab da samun 'yanci, ya buɗe shagon da ya kira Photo Souvenir. Amma ba zaman shago ne ya yi masa suna ba. Da dare yake fita da kyamara da fitilar walƙiya, yana bin gidajen rawa da wuraren shaƙatawa, yana ɗaukar ma'aikata da 'yan boko da sojojin Faransa da ke zaune a garin, washegari ya kawo wa kowa hotonsa ya karɓi kuɗi. Abin da Malick Sidibé ya yi wa Bamako, da Sanlé Sory ga Bobo-Dioulasso, shi Koudjina ya yi wa Yamai ta shekarun 1960 da farkon 1970. Ko mutum bai yarda da irin rayuwar da ke cikin waɗannan hotuna ba, dole ya yarda cewa ba domin su ba da wani ɓangare na tarihin garin ya tafi ba shaida.

Fim ɗin irin wannan kyamara hoto 12 kawai yake ɗauka, kowanne santimita 6 tsawo 6 faɗi. Kuskure ɗaya a ruwan wanki, aikin dare guda ya tafi, kuma ba a sake kiran mutane su dawo su yi rawar jiya.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, mai hoto a Yamai ba sai ya sayi D-19 ba kafin ya sami hoto mai kaifi. Garin da kansa yana tura shi can. Kamfanonin fim sun auna komai a kan zafin digiri 20: a wannan zafi, fim irin Tri-X yana yin wajen minti 7 ko 8 a cikin D-76. Digiri 20 kuwa zafin ɗaki ne a Turai. A Yamai, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yana kaiwa digiri 41 ko fiye, ruwan famfo yana fitowa da ɗumi kamar an ɗora shi a murhu. Sinadari yana ƙara sauri idan ya ji zafi, kuma haidirokwinon, wanda shi ne mai kawo kaifin, ya fi sauran zabura. Idan ka bi mintocin da aka rubuta a kwali, fim ya wuce nuna. Idan ka rage su ƙasa da minti 5, wankin ba ya yin daidai, wani gefe ya fi wani. Ga jelatin da yake kumbura ya yi laushi a ruwan ɗumi, har farce ya kan kwashe shi. Idan kuma aka fitar da fim daga ruwan ɗumi aka jefa a mai sanyi sai ya yamutse kamar fatar kada. Kamfanonin sun san matsalar, shi ya sa suka yi haɗi na musamman don ƙasashe masu zafi, mai ɗauke da gishirin salfet da ke hana kumburin. Amma dabarun da suka fi sauƙi ga mai ƙaramin jari su ne ƙanƙara, da ruwan randa, da yin aiki tsakar dare ko da asuba. Da hunturu zafi ya kan sauka, sai ƙura ta karɓi aiki: kowace ƙwayar da ta manne a jiƙaƙƙen fim tana fitowa farin ɗigo a fuskar mai hoto.

Sai rana. Hasken Sahel da tsakar rana daga sama yake faɗowa kai tsaye, inuwarsa baƙa ce mai kaifin baki. Sa mutum mai duhun fata a ƙarƙashinsa, ka sa masa farar shadda, ka naɗa masa rawanin da zai yi wa goshi rumfa. Ido yana iya ganin zaren rigar da ƙwayar idon a lokaci guda. Takardar hoto ba ta da wannan faɗin. Tsohuwar ƙa'idar masu sana'ar ita ce a buɗe kyamara gwargwadon wurin da ya fi duhu, wato fuska, sannan a taƙaita wanki don kada rigar ta toshe. Wanda ya yi akasin haka, ya tsuke haske ya tsawaita wanki, shi ne yake haifar da hoton da muka fara da shi. Idan ya zo bugawa a takarda sai ya tarar da zaɓi biyu marasa daɗi: ya daɗe yana haskawa don aikin rigar ya fito, fuska ta ƙone, ko ya taƙaita don fuska ta fito, riga ta zama farin fili. Gwani yana da mafita. Ya kan zaɓi takarda mai taushi, domin takardun suna da lamba daga 0 zuwa 5 gwargwadon kaifinsu, ya kuma sa hannunsa ko ɗan kwali a kan waya ya tare haske daga fuskar na 'yan daƙiƙu yayin da rigar take ci gaba da sha. Wannan aiki yana cin lokaci, yana cin takardar gwaji, takarda kuma daga Turai take zuwa. Hoton talaka na gaggawa ba kasafai yake samun wannan gata ba.

Mafi tsanani shi ne hoton akwati. A kasuwanni da bakin ofisoshin Afirka ta Yamma an daɗe ana ganin masu hoto da akwatin katako a kan ƙafa uku, mai hannun riga na baƙin ƙyalle a jikinsa. Kyamara ce kuma ɗakin duhu ne a haɗe. A ciki akwai 'yan kwanoni biyu, na fito da hoto da na kafewa. Ba fim suke sakawa ba, takardar hoto ce take zama dodo. A wanke ta a cikin akwatin, a fito da ita a manna a wani allo a gaban gilashi, a sake ɗaukarta a wata takardar, sai a sami hoto na sosai cikin 'yan mintoci. Kowane mataki yana ƙara kaifi. Ruwan wankin takarda da ma mai ƙarfi ne, kanwarsa kabonet ce. An kuma ɗauki hoto sau biyu, kaifi a kan kaifi. Sannan takardar hoto ba ta jin jan haske, dalilin da ya sa ake iya aiki da ita a ƙarƙashin jar fitila ke nan. Fatarmu kuwa, ko ta wankan tarwaɗa ko ta baƙi, hasken da take mayarwa ya fi karkata wajen ja. Saboda haka takardar tana ganin mutum ya fi yadda yake duhu. Hotunan katin shaida da na takardun makaranta da yawa ta wannan hanya aka yi su. Ka ga ke nan yaron da yake kallon katin kakansa yana cewa ashe kaka baƙi ne ƙirin, wataƙila kakan nan fari ne sol a idon waɗanda suka san shi.

A ganina akwai kuma hannun masu saye a ciki. Hoto mai kaifi yana da ɗaukar ido, ya fi kama da sabon abu, zanen atamfa da ratsin saƙi suna tashi a cikinsa. Mutumin da ya ci bashi ya ɗinka riga yana so a ga rigar. Jarida ma haka: hotunan da suka fito a Le Temps du Niger, da Le Sahel da ta gaje ta a 1974, sun bi ta injin ɗab'i da takarda mai shan tawada, inda launukan toka masu laushi suke cakuɗewa, don haka hoton da yake da baƙi da fari a rarrabe shi ya fi tsira.

Sana'ar ba ta mutu rana ɗaya ba. Bayan juyin mulkin Seyni Kountché ranar 15 ga Afrilu 1974, da farin da ya gabace shi, daren Yamai ya yi sanyi. A Janairun 1980 farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya har ya kusa dala 50 ta Amurka kowane oza, fim da takarda suka bi shi. A shekarun 1980 injinan wankin hoto mai kala suka shigo biranen Afirka ta Yamma, da yawansu a hannun 'yan Koriya. Daga nan duk yaron da ya sami ƙaramar kyamara ya zama mai hoto, ya kai fim a wanke masa cikin awa guda, ilimin ɗakin duhu ya rasa mai saye. Kada kuma a ɗauka kala ta gyara zancen fata: tun shekarun 1950 katin gwajin da Kodak take raba wa masu wankin kala don daidaita injinansu hoton Baturiya ne a jikinsa, an daɗe kafin a canza. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. A ƙarshe waya ta zo ta rufe babin. Koudjina ya ga an buga hotunansa a Faransa ta hannun mujallar Revue Noire, an baje su a ƙasashen waje, amma ya ƙare rayuwarsa cikin talauci da rashin lafiya, ya rasu a Yamai a 2014.

Akwai wani labari daga Bamako da yake nuna dalilin da ya sa dodon hoto ya fi hoton kansa daraja. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, yana ba mutane ƙananan hotuna masu laushin launi, girman dodon da ya ɗauka. Ya adana dodannin nan dubbai. A shekarun 1990 aka kai wasu Turai aka buga su manya-manya, da baƙi mai zurfi da fari mai ƙyalli, aka sayar da tsada, har gardama ta tashi a kan wanne ne ainihin aikin Keïta. Dodo ɗaya, hoto iri biyu. Ma'anar wannan ga gidajenmu ita ce, fuskar da ta ƙone a takarda sau da yawa tana nan daram a jikin dodon, da tsagarta da murmushinta, matuƙar fim ne na sosai kuma haske ya ɗan isa wurin. Wanda aka yi da akwati, ko aka wanke da ruwa mai kaifin gaske, shi kam abin da ya tafi ya tafi.

Dodannin nan kuwa su muke fara zubarwa idan ana sharar ɗaki, don ba sa kama da komai. Maƙiyansu a Yamai sanannu ne. Gara. Gobara, irin wadda ta cinye Babbar Kasuwa a 1982 da Ƙaramar Kasuwa a 2012. Ambaliyar kogin Isa, kamar ta 2020 da ta shiga unguwannin bakin ruwa. Sai zafi da laimar damina, waɗanda suke sa ledar tsohon fim ta fara ruɓewa. Alamarta wani wari mai tsami, kuma wanda ya fara warin yana harbar na kusa da shi, don haka a ware shi. A ajiye su cikin ambulan na takarda, kowanne daban, a wuri mai sanyi da tsayi daga ƙasa. Kada a ƙulle su cikin leda, kada a riƙe su sai ta gefe. A rubuta sunan mai hoton da gari da shekara da fensir a bayan ambulan tun tsofaffin da suka san fuskokin suna raye.

Malamin kimiyya ko na tarihi yana iya yin darasi guda da wannan ba tare da sayen komai ba. A ce yara su roƙo dodon hoto daga gida. A kunna farin shafi a fuskar wata waya, a riƙe dodon ɗan nesa da ita, a ɗauke shi da wata wayar, a juya launin da manhajar gyaran hoto, a ɗaga hasken wuraren duhu a hankali. Idan akwai tsohon bugun takarda na wannan dodon, a ajiye shi kusa da sabon, a tambayi yara abin da mai wankin farko ya zaɓa ya nuna, da abin da ya bari a duhu, da dalilin da suke jin ya sa shi yin haka: zafin ruwa ne, ko tsadar takarda, ko mai rigar ne ya ce a fito masa da rigarsa.